Kazar dutse: abin da ya kamata mai kiwo ya sani kafin ya saya ya kai gida

Shekaranjiya da daddare wani abokin sana'a da ke zaune wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina, ya turo min hoton wasu tsuntsaye guda shida a cikin kwando. Ya ce wani yaro ne ya kawo su daga ƙauye, wai salwar daji ce, ta fi ta gida girma da ƙwari, kuma ba ta ciwo. Niyyarsa ya saya ya zuba su cikin kejin salwarsa, in sun saba su fara yi masa ƙwai. Ina buɗe hoton, jelar kawai na kalla na gane su. Ba salwa ba ce. Kazar dutse ce. Na ce masa ya dakata kada ya biya tukuna, zan yi bayani a nan don kowa ya amfana, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, kuma na ji a jikina.

Shekara huɗu ke nan da suka wuce, da farkon hunturu, ina dawowa daga wata kasuwar ƙauye ta hanyar Dutsin-Ma, na ga wani dattijo a bakin titi da irin waɗannan tsuntsaye guda huɗu, an ɗaure musu ƙafafu da zare. Sun ba ni sha'awa ƙwarai. Lokacin ina da kajin ƙwai da 'yan zabi, ga salwa, sai na ce bari in ƙara wani abu da ba kowa ke da shi ba a unguwarmu. Shi kansa dattijon da ya ji abin da nake shirin yi sai ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, mi za ka yi da su a gida? Wannan ta tukunya ce. Ba ta zama inda babu dutse." Na ɗauka irin maganar mutanen da ce, na biya na taho.

A daren farko ɗaya ta fasa kanta. Kyanwa ce ta gitta ta saman kejin, suka firgita suka yi sama gaba ɗaya, ita ta daki rufin kwano. Da safe na tarar da ita a kwance, fatar kai ta saɓule. Sauran ukun suka cure a lungu guda, kwana uku ban ga ko ɗaya ta sa baki a abinci ba in ina wurin. Cikin sati na biyu biyu suka fara zawo da kumburin ido, suka bi 'yar uwarsu. Ta ƙarshen ce ta yi wata biyar a hannuna, ba ta taɓa sabawa da ni ba, ba ta kuma taɓa yin ƙwai ba. Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne. Daga baya da na nutsu na gane irin cacar da na yi da kajina, domin kejin nan taku biyar ne tsakaninsa da ɗakin kajin ƙwai. Allah ne kawai ya tsare.

To wace ce kazar dutse? Mutane da yawa suna haɗa ta da fakara, wadda wasunmu ke ce wa makwarwa, alhali in ka ajiye su kusa da juna ba ka ma buƙatar a faɗa maka. Kazar dutse ƙarama ce, tsawonta daga baki zuwa ƙarshen jela bai wuce santimita 25 zuwa 28 ba, nauyinta kuma wajen giram 190 ne, wato ko rabin rabin kilo ba ta cika ba. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu da ɗigo-ɗigon fari a wuya da ƙirji, daga nesa sai ka ce baƙa ce. Fatar da ta zagaye idonta ja ce, ƙafafunta ma jajaye, kuma ba ta da ƙaimi ko da namiji ne. Babbar alamar ita ce jela: tana ɗage ta sama ta naɗe kamar ta 'yar ƙaramar kazar Hausa, shi ya sa aka ce mata kaza. Namiji da mace kusan kamarsu ɗaya, sai dai a ciki: na namiji akwai wani faci mai ruwan lemo-lemo, na mace kuma ya fi haske, kamar ruwan madara. Wanda zai nemi hotonta a intanet ya rubuta sunan da masana suka ba ta, Ptilopachus petrosus. Kalmar ta biyun nan ma'anarta mai zama a dutse, kun ga ashe mu da su duk abu guda muka gani.

Fakara kuwa ta ninka ta nauyi, jelarta gajera ce tana kallon ƙasa, kuma ita 'yar gona ce da saura. Wadda aka fi sani a ƙasar nan namijinta ƙaimi biyu gare shi a kowace ƙafa. Akwai wata kuma ta yankin sahel mai jan ido, wadda Turawa suka sa wa sunan Kilabatan, Baturen nan da ya zo Kano da Sakkwato ya kuma ratsa ta Katsina a 1824, ya sake dawowa ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827. Ita fakara duk wanda ya taɓa kwana a gona ya san kukanta na asuba, mai kaushi kamar ana goga ƙarfe. Kukan kazar dutse daban ne. Fito ne mai daɗi da ke hawa sama-sama, ɗaya ta fara sauran su amsa, har dutsen ya ɗauka baki ɗaya, da sassafe da kuma gab da magariba. Sau da yawa za ka ji su sau goma kafin ka gan su sau ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa, to wannan gidansu dutse ne.

Ana samunta tun daga Senegal da Gambiya, ta ratso ƙasashenmu, har zuwa Habasha da arewacin Kenya. A nan jihar Katsina ba za ka same ta a cikin birni ba, don mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da jigawa. Sai ka nausa inda duwatsu suka fara tasowa, kudu da yamma, irin tsaunukan da ake gani a ƙasar Dutsin-Ma da Safana da Ƙanƙara zuwa Funtuwa, da makamantansu a Zamfara da Zariya da Filato. Abin da take so shi ne dutse mai manyan ƙwallaye da suka hau kan juna, ga kogo-kogo, ga ciyawa da ƙananan itatuwa irin su geza da ararrabi sun cika tsakani. Wani lokaci akan gan ta a bakin busasshen rafi mai sarƙaƙiya ko da babu dutse sosai, amma dole akwai wurin ɓuya a kusa.

Tafiya suke yi garke-garke, daga biyu zuwa goma sha wani abu. Ba ta son tashi sama. In ka firgita ta, gudu take yi tana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, kafin ka ƙifta ido ta shige wani rami. Sai an matsa mata ƙwarai take tashi, shi ma ɗan gajeren zango ne ta faɗa cikin duhuwa. Ku riƙe wannan, domin shi ne asalin abin da ya kashe tawa ta farko. Tsuntsun da duk rayuwarsa dabararsa ita ce ya ɓace, ka sa shi a kejin waya fayau, babu lungu babu inuwa, yara na leƙe, zakara na cara a gefensa, to ka sa shi cikin fargabar da ba ta ƙarewa. In babu inda zai shige, abin da ya rage masa shi ne ya yi sama da ƙarfinsa duka, rufi kuma na jiransa.

Abincinta a daji 'ya'yan ciyawa ne da ɗanyen ganye da tohon itace da ƙananan 'ya'yan itatuwa, sai ƙwari irin su gara. Ƙwai kuma a ƙasa take yi, ta ɗan tona wuri a gindin dutse ko ƙarƙashin ciyawa ta zuba guda 4 zuwa 6, ta kwanta. Namiji ɗaya mace ɗaya suke zama, ba kamar zakara da ake ba shi kaji goma ba.

Akwai wani abin mamaki da masana suka gano a kanta. Shekara da shekaru ana lissafa ta cikin dangin fakara. Da aka zo aka binciki ƙwayoyin halittarta, sai aka tarar danginta na kusa ba su ma nahiyar nan, salwar ƙasashen Amurka ce 'yar uwarta. A duk Afirka 'yar uwa ɗaya tak take da ita, wata da ke zaune a dazuzzukan Yuganda da gabashin Kwango. Na kawo wannan ne saboda masu tunanin za su haɗa ta barbara da salwar gida ko da kazar Hausa su fitar da sabon iri. Ku huta. Nisan da ke tsakaninsu ya wuce yadda ido ke nunawa.

Yanzu bari in taɓo inda ruɗanin yake fitowa, domin na lura yawancin masu tambayata wani bidiyo suka gani. Akwai tsuntsaye masu kama da wannan da ke zaune a kan manyan tsaunuka na gaske, inda sanyi ke da tsanani, itatuwa ba sa girma sai gajerun sarƙaƙiya. Mu a Najeriya tsauni mafi tsawo shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419, alhali birnin Katsina wajen mita 500 yake sama da teku. A Habasha akwai fakarar da ba ta saukowa daga irin waɗancan tuddai masu sanyi na tsaunukan Bale, a Kenya akwai wata a jikin Dutsen Kenya, a Kamaru kuma akwai wadda duk duniya ba a samunta sai a jikin Dutsen Kamaru kaɗai, kuma tana cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Duk waɗannan babu mai kiwonsu don kasuwa. Wadda kuke gani a bidiyo, ɗaruruwa a cikin dogon keji, mai jan baki da jan ƙafa, da baƙin layi da ya ratsa ido ya zagayo wuya, da zane-zane a haƙarƙari, sunanta cukar. Asalinta tsaunukan Asiya ne, daga Turkiyya zuwa Iran da Afganistan da Pakistan har jikin Himalaya, kuma ita ce tsuntsuwar da Pakistan ta ɗauka a matsayin ta ƙasa. An kai ta Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, yanzu akwai gonakin da ba abin da suke yi sai ƙyanƙyasarta, suna sayar wa masu farautar nishaɗi da gidajen abinci.

Cukar ta karɓi kiwo saboda dalilai da kazar dutse ba ta da su. Tana da jiki, ta kai rabin kilo har ta wuce. In ana kwashe ƙwan, mace ɗaya takan yi 40 zuwa 50 a kaka guda. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa a inji cikin kwana 23 zuwa 24, kuma waɗanda ake sayarwa a can jikokin jikokin na keji ne, ba su san daji ba. Duk da haka masu kiwonta a kan waya suke ajiye ta, ba a ƙasa ba, don ba ta jure danshi da cututtukan da ke cikin kashin kaji. To ka ga wanda ya kalli bidiyon cukar, ya je kasuwa ya ga kazar dutse mai jan ƙafa a kwando, sai ya ce ai ga ta nan a gida da araha. Ba ita ba ce, kuma lissafin ba ɗaya ba ne.

Mu yi lissafin tare, tunda mu 'yan kasuwa ne. Kazar nama ta gidan gona cikin sati 6 zuwa 7 ta kai kilo biyu in an ba ta haƙƙinta. Kazar ƙwai mai kyau tana dosar ƙwai 300 a shekara. Salwar Japan, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta shigo da ita ƙasar nan a 1992, ƙwanta kwana 17 zuwa 18 yake yi a inji, ta fara ƙwai tana da sati 6 zuwa 8, kuma ta ba ka sama da 250 a shekara. Zabuwa ta gida, duk da sai da damina take yi, za ta cika maka kwarya. Kazar dutse fa? Ƙwai 4 zuwa 6 a kwanci guda, shi ma a dajinta, cikin kwanciyar hankalinta. Ka yanka ta ka fige, naman da zai rage bai fi na tantabara ba. Kowace mace sai ka ciyar mata da namiji guda. Ko da ba ta mutu ba, ko da ta yarda ta yi ƙwan, a ina ribar za ta fito? Waɗanda suka ga yadda kasuwar ƙwan salwa ta tashi a shekarun baya, lokacin da aka riƙa cewa yana maganin kowace cuta, sannan ta faɗi warwas mutane suka rasa inda za su kai ƙwai, sun san cewa ko tsuntsun da ke yin ƙwai kullum sai da mai saye yake zama sana'a.

Wani zai ce ai kaza ma daga daji aka kamo ta. Gaskiya ne. Kakar kajinmu tana nan har yau a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, kuma ita ma ƙwan da take yi a shekara bai taka kara ya karya ba. Amma dubban shekaru aka yi ana zaɓen mai haƙuri ana barin mai firgita kafin a samu wadda ke bin ka har cikin ɗaki. Salwar Japan ɗaruruwan shekaru ta yi a keji, da farko ma don kukanta ake ajiye ta, sai a ƙarni na 20 aka juya ta zuwa ƙwai. Zabo da ake kiwo a ƙasarmu tun kaka da kakanni, ku duba har yanzu yadda yake, a bishiya yake son kwana, a daji yake son ɓoye ƙwai. Wannan aiki ne na zuriya bayan zuriya, ba na wanda ya ciyo bashin buhun abinci yana jiran ƙarshen wata ba.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wato cuta. Yaron da ya ce wa abokina ba ta ciwo, ban ce ƙarya ya shirya ba, shi dai bai taɓa ganin mara lafiya ba ne, don wadda ta kamu a daji shaho ko muzuru ke riga shi gani. Hatsarin ta fuska biyu yake. Na farko, abin da za ta kawo maka. Tsuntsun daji yana zuwa da ƙwarƙwata da kaska da tsutsar ciki, kuma zai iya ɗauke da ƙwayar cuta ba tare da ya nuna alama ba. Ƙari a kan haka, kafin ya iso hannunka ya kwana a kwando ɗaya da kajin kasuwa, ya sha ruwa a gwangwani ɗaya da su, kuma duk mai kiwo ya san kasuwar tsuntsaye ita ce tashar motar cututtuka. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, aka yi ta kashe kaji ana binnewa a jihohin arewa. Tun daga lokacin ba ta daina leƙowa ba. Na biyu, abin da kajinka za su ba ta. Kajinka sun sha Lasota, sun sha rigakafin Gumboro, jikinsu ya saba da ƙwayoyin da ke cikin ɗakin. Ita ba ta da ko ɗaya. Cutar Newcastle da ke share kajin Hausa duk hunturu, da kashin jini da ke fitowa daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, kaɗan daga cikinsu ya ishe ta, balle ga tsoro ya riga ya karya mata garkuwar jiki. Ina kyautata zaton abin da ya ɗauke min biyun nan ke nan, kuma lokacin da na saye su, farkon hunturu, shi ne mafi munin lokacin da mutum zai shigo da baƙon tsuntsu gidansa. Abin haushi, lokacin ne kuma aka fi kawo su kasuwa, don an girbe gonaki, ciyawa ta bushe, an fara cinna wa daji wuta, kama su ya yi sauƙi.

To idan mutum ya ce shi ba don riba ba, sha'awa ce kawai, kamar masu ajiye ɗawisu da aku? Ba zan ce ba ya yiwuwa ba, akwai gidajen namun daji a Turai da Amurka da ke ajiye ta. Amma ga abin da zan yi da a ce yau ne. Ba zan ajiye ta a gidan da nake da kajin kasuwa ba, ko kusa. In dole ne, to nesa da su iyakar iyawa, da takalmi daban da kwanon ruwa daban, kuma kullum kajina zan fara dubawa, ita ce ta ƙarshe, aƙalla na tsawon wata guda ina lura. Keji ya zama mai faɗi a ƙasa, tsawonsa bai dame ta ba, a zuba yashi mai tsabta don wankan ƙasa, a jera duwatsu da fasassun tukwane da damin ciyawa yadda duk inda ta juya akwai wurin shigewa. Ɓangare uku a rufe su da zana ko buhu, ɗaya kawai a bari a buɗe. Ƙarƙashin rufin a ɗaura raga mai laushi, irin ta kamun kifi ko tsohon gidan sauro, da ɗan tazara, don in ta yi sama ragar ta tare ta. Wannan dabarar ma ta shafi masu salwa da masu renon 'yan zabi, duk halinsu ɗaya wajen firgita. Abinci a fara da abin da ta sani, gero da acca da ɗan ganye da gara, a watsa a ƙasa, sannan a riƙa cuɗa abincin 'yan tsaki kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya ya riƙa shiga, a lokaci ɗaya, ba hayaniya. Kuma biyu-biyu, mace da namiji, kada a cusa shida a wuri guda. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, to amsar ta fito.

Masu ɗauko ƙwai daga daji su sa wa kaza ko inji, su ma ina da magana da su. Gaskiya ne tsakon da ya buɗe ido a hannunka ya fi saurin sabo fiye da babba da aka kamo da tarko. Haka ake yi da ƙwan fakara a ƙauyuka tun da daɗewa, kuma kowa ya san ƙarshen labarin: ranar da fiffike ya yi ƙwari, in ba a rufe suke ba, sai dai a ba ka labari. Ga shi kuma duk gurbin da ka kwashe, ka share zuriyar wannan uwar ta wannan karon baki ɗaya. A lissafin duniya kazar dutse ba ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu, saboda ƙasashen da take ciki suna da yawa. Amma lissafin duniya daban, na dutsen ƙauyenku daban. Tsuntsu ne da ba ya tafiya mai nisa, kowane dutse da garkensa. In aka kafa injin fasa dutse a wurin, ko masu itace da gawayi suka aske sarƙaƙiyar, ko yara suka dage da tarko kaka biyu a jere, shi ke nan dutsen ya yi shiru, kuma ba lalle wasu su zo daga wani wuri su maye ba. Duk tifar tsakuwa da ke shigowa Katsina ana gini, daga jikin wani dutse aka ɓantaro ta. Ban ce a daina gini ba, ni ma ɗakin kajina da kankare aka yi shi. Amma mu masu kiwo kada mu ƙara da buɗe kasuwar da za ta sa yaran ƙauye su mayar da kamun nan sana'a, alhali mun san tsuntsun mutuwa zai yi a hannunmu.

Akwai kuma kuskuren da masu tausayi ke yi, ni ma na kusa yin sa da ta ƙarshen nan tawa. In tsuntsun ya riga ya zauna kusa da kaji na kwanaki, kada ka ce za ka mayar da shi daji ka saka don neman lada. Abin da ya kwasa a gidanka shi zai kai wa 'yan uwansa. Wanda aka kamo yau, bai haɗu da kaji ba, aka mayar da shi dutsen da aka ɗauko shi, wannan daban ne.

Abokin nawa na Ƙofar Ƙaura ya kira ni jiya bayan la'asar. Ashe kafin saƙona ya same shi ya riga ya biya kuɗin guda biyu, sauran huɗun yaron ya wuce da su. Na tambaye shi ina ya ajiye su, ya ce suna cikin kwali a zaure, bai kai su wajen salwar ba tukuna. Na ce to kada su wuce zauren nan, ya wanke hannu da sabulu ya canza takalmi kafin ya shiga wurin salwarsa, sannan ya zaɓa: ko ya gina musu irin wurin da na faɗa a can bayan gida, ko ya bi shawarar da dattijon nan ya ba ni a bakin titi ban ji ba. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko da yaji ake gasa ta ko farfesu ya fi.